Babban Yatsa da Pampon Lambu

Cikin ranakun aikina a lambun albasa na ƙungiyar matan ƙauyenmu, kusa da Ibohamane, akwai wata Talata da ban manta ba. Hutun Disamba ne, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Aikina shi ne buɗe ruwa zuwa fangali bi da bi, in tsaya ya cika, in toshe.

Ga wanda bai san injin ba, kashi biyu ne. Akwai moter da ke shan wutar hasken rana, akwai pampo da ke jan ruwan rijiya, sai sandar ƙarfe a tsakani tana juyawa. An kai moter gyara Madawa, ya dawo, Kawu Illo mai kula da inji ya haɗa wayoyinsa uku. Inji ya tashi da ƙara kamar kullum, amma ruwan da ke fita bai fi na buta ba. Kwana biyu ke nan da dashe, ganyen albasa ya fara kwanciya.

Inna Rabi, shugabar ƙungiya, ta kira mai gyaran ta salula, ta buɗe murya kowa na ji. Ya ce a goga alli a jikin sandar, a kashe inji, a duba ta sa'ad da take rage gudu. In tana bin hannun agogo, juyi daidai ne, cikin pampo ne ya lalace, sai an kawo masa shi ya kwana uku.

Kawu Illo ya durƙusa bayan pampo. Inna Rabi ta tsaya bayan moter. Aka kashe.

"Agogo sak!" in ji Kawu.

"Wane agogo? Baya shi kai."

"Rabi, ke da ba ki taɓa ɗaura agogo ba?"

"Kai naka tun bara ya tsaya, Illo."

Sau uku ana tayarwa ana kashewa, ba wanda ya matsa daga inda yake. Mai gyara ya ɗauki maganar Kawu, tunda shi ne mai inji. Kawu ya ɗauko kile, wato sifana, zai kwance pampo. Kwana uku ba ruwa, dashen mata talatin ya tafi.

Ni ba na magana a taro. Ko a aji, in mushen fizik, wato malamin kimiyyarmu, ya kira sunana sai in nemi wani abu cikin jaka. Amma na ga inda ƙafafun kowannensu suke, kuma a watan nan mushe ya koya mana cewa ba a faɗin juyi da agogo sai an faɗi ta inda ake kallo. Shi ya sa ake lanƙwasa yatsu huɗu na hannun dama su bi juyin, babban yatsa kuwa ya nuna gefe ɗaya na sandar. Wannan ba ya sauyawa ko ta ina aka tsaya.

Na ce, "Inna, a ƙara tayarwa sau guda." Sai da na faɗa sau biyu ta ji.

Na lanƙwasa yatsuna na bi allin. Inna ta kara mini salula a baki.

"Malam, da hannun dama, babban yatsa wajen moter ya nuna."

Ina jin mai gyaran ma hannunsa yake dubawa.

"Wajen pampo ya kamata shi nuna. Illo, kai ina kake tsaye?"

"Inda nike tsayuwa kullum."

"To, aje kilen nan."

Ya sa Kawu ya yanke wuta, ya musanya wayoyi biyu cikin ukun. Da aka tayar, ruwa ya bugo bakin tiyo har ya jiƙa wa Inna zane. Ta miƙo mini fartanya in je in buɗe fangalin farko.

Abin da na koya a aikin inji shi ne, kafin ka ƙaryata mutum, ka tambaye shi inda yake tsaye. Har yau Kawu na cewa shi ke da gaskiya a ranar, Inna ma haka. In suka sa ni shaida, sai in ce wa kowannensu i.