Barnaba Sigei da Na'urar Dangwale

A layin gidajen ma'aikata aka haifi Barnaba Sigei, ɗaki na goma sha huɗu, a gandun shayin da ke bayan garin Kericho inda ni ma na tashi. Uwarsa Tapsabei ta yi shekara talatin tana tsinkar ganye, har da goyonsa ta yi ta yi, kwando a baya, shi a gaba. Tare muka yi firamare. Ba shi da wani kai na a zo a gani, amma Allah ya ba shi kyawun rubutu da iya cewa "to, yallaɓai", su ne kuwa suka kai shi ofis ya zama magatakardan rajista. Ni kuwa gona na bi uwata, na shekara goma sha biyu ina tsinka kafin a ɗora ni a kan mata sittin.

Shekara tara Barnaba yana kiran suna da sassafe, mu amsa, ya ja layi da biro. Ba wanda ya taɓa kuka da shi. Sai kamfani ya tura shi Nakuru kwas ɗin kwamfuta na mako uku. Ya dawo da takardar shaida cikin gilashi, da igiya a wuya mai ɗauke da hotonsa, sai ka ce akwai mai manta fuskarsa a garin da aka yi masa kaciya. Tun daga ranar bakinsa ya cika da "bayanai" da "tsari". Ko ugali, tuwon masararmu, ka ajiye masa, sai ya gaya maka rashin tsari ne ya sa ya yi gudaji.

Wata biyu ya yi yana bin manaja, Mista Gathogo, har gidansa, sai da aka sayo na'urar dangwale aka kafa a ƙofar rumfar awo. Kowa ya ɗora babban yatsa, koriyar fitila ta kama, sunansa ya shiga kwamfuta cewa ya zo aiki. Aka yi wa Barnaba sabon muƙami, shugaban sashen bayanai. Sashen kuwa shi ne da kujerarsa.

Ran Litinin ɗin farko mu ɗari huɗu muka yi layi cikin sanyi. Direbobi suka wuce, masu gadi suka wuce. Da aka zo kan masu tsinka sai jar fitila, sai ƙara. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun mai tsinkar shayi ya san dalili. Tsinken ganye da ruwansa sun cinye zanen yatsun nan tun tuni, sun bar su sumul, sun yi baƙi sun tsattsage. Ranar da aka fara ɗaukar hoton yatsun ma da ƙyar na'urar ta karɓa. Barnaba ya sani, da hannun nan aka ba shi abinci ya girma.

"Ku je ku wanko hannu," in ji shi.

Suka wanko. Ja.

"Ku shafa mai."

Suka shafa. Ja. Ƙarfe tara ta yi muna tsaye, rana ta fito, ganye yana jiranmu. Na matsa kusa da shi na ce, "Barnaba, ɗauko littafinka ka kira suna mu tafi aiki."

Ya gyara igiyar wuyansa ya ce, "Chepkirui, zamanin biro ya wuce. Kuma a bakin aiki Mista Sigei nake."

A ƙarshen wata kwamfuta ta ce mutum ɗari da talatin ba su zo aiki ba ko sau ɗaya. Amma ganye ya isa masana'anta yadda ya saba, ko kilo bai ragu ba. Mai hankali zai tambayi wa ya tsinko shi. Barnaba kuwa ya zauna ya rubuta rahoto shafi goma sha biyu, da zane-zane ja da shuɗi, ya nuna cewa tunda aiki bai tsaya ba duk da rashin mutum ɗari da talatin, ashe dama sun yi yawa. Hedkwata a Nairobi suka yaba ƙwarai. Takardun gargaɗi suka fara fita, daga baya na sallama.

Kwamboka, Bakisiya ce a ƙabila, wadda ta fi kowa sauri a cikin matan da nake kula da su, ta shiga ofishinsa da kwandonta cike, ta dire masa a kan tebur.

"Ɗan Tapsabei, dube ni da kyau. Wace ce wannan?"

"Iya Kwamboka, na san ke ce."

"To na zo aiki yau ko ban zo ba?"

Ya juya allon kwamfutar ya nuna mata. "A tsari, ba ki zo ba."

"Wannan ganyen fa? Aljanu ne suka tsinko?"

"Ganye sashen awo ne. Ni halarta nake kula da ita."

Ta ce, "Kai, da uwarka ta san abin da take goyo, da kwando biyu ta ɗauka."

Uwar tasa dai ta riga ta yi ritaya, shi ya sa takardar ba ta iske ta ba. Amma ƙanwarta ta samu, da sa hannunsa a ƙasa, da wannan kyakkyawan rubutun.

Sai a wata na huɗu kamfanin da ya sayar da na'urar ya turo injiniya don ya duba ta kamar yadda aka yi yarjejeniya. Mutumin yana kwance murfi, Kwamboka ta leƙa ta ce, "Bawan Allah, wai dole sai babban yatsa?"

"Wa ya ce? Kowanne ma ya yi. Ku sa ɗan ƙaramin, ai ba ku tsinka da shi."

Kafin a tashi cin abincin rana an sake ɗaukar kowa, fitila sai kore take yi. Barnaba yana tsaye yana gyaɗa kai kamar shi ya aiko mutumin. Sati bai zagayo ba ya rubuta wani rahoton, ya sa masa suna "Sabuwar Dabarar Ƙaramin Yatsa". Ya je wani taro a otal a Naivasha ya yi bayaninta, aka tafa masa, aka ba shi kofin shayi mai tambari.

Mata arba'in da ɗaya aka riga aka sallama. Na ɗauki sunayensu na kai masa, na ce tunda an gano laifin na'ura ne, a mayar da su. Ya danna ya danna, ya ce tsari ya riga ya rufe fayilolinsu, sai dai su shigo a matsayin sababbin ɗauka. Sabon ɗauka kuma manhajar ba ta karɓar wanda ya haura shekara arba'in da biyar. Na ce, "To wa ya sa mata wannan ƙa'idar?" Ya ce haka ta zo. Shida kawai suka koma. Sauran suka kwashe kayansu daga layi suka koma garuruwansu, wasu Bomet, wasu Nyamira.

Shekara ba ta cika ba aka ɗauke shi zuwa hedkwata, ya zama mai kula da bayanan gandaye bakwai. Ya yi tumbi, ya sayi mota, ya sa wa uwarsa rufin kwano sabo, wannan kam ba zan hana shi ba.

Bara da Kwamboka ta rasu, kamfani ya turo shi jana'iza ya yi jawabi. Ya tsaya gaban 'ya'yanta da jikokinta ya ciro waya, yana karantawa daga fayil. Ya faɗi lambarta ta aiki, ya faɗi ranar da aka ɗauke ta. Sau uku yana kiranta Kwambuka, saboda yadda aka shigar da sunan a kwamfuta ke nan. Babbar 'yarta ta gyara masa da ƙarfi, kowa ya ji. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya sake duba wayar, ya ce zai sa a bincika.