Garayar Kawu Ɗanlami da Tukunyar Shinkafa

Duk wanda ya zauna unguwar Sanyuanli a shekarun nan na gab da Olamfik ya san Kawu Ɗanlami ko da bai san sunansa ba, domin shi kaɗai ne a duk Guangzhou yake yawo da ƙafar wandon jins rataye a kafaɗa. Garayarsa ce a ciki. An yi, an yi ya sayi jaka, a garin da ake ɗinka wa duniya jaka, ya ce sam, ga samfurin wandon ƙattai an ba shi kyauta a kasuwar Baima. Ya yanke ƙafa ɗaya ya ɗinke bakinta, ɗayar kuma ya ajiye wai saboda gaba. Haka yake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ita, haka yake shiga ciniki.

Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya kawo ni China harkar tufafi. Garayar ta babansa ce, makaɗin maharba. A cikin 'ya'yan Kawu ba wanda ya koya, shi ya sa abu ɗaya ne yake ci masa rai a duniya, kada muryar garayar nan ta mutu a hannunsa. Ba ya faɗa sau da yawa, amma ya faɗa mini, kuma ban manta ba.

Mu biyu muka fara. Kowace Lahadi bayan la'asar muna zama a siton da muke tara kaya kafin a loda kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Nansha, shi da garaya, ni da kwalin da ba komai ina duka. Kirarin ɓauna da giwa yake yi a tsakiyar dilolin wanduna, idonsa a rufe, kamar yana dajin. Masu sauraronmu ba su wuce mutum huɗu ba, biyu daga ciki ma jiran mukullin sito suke.

Sai Allah ya kawo mana Isufu, ɗan Maraɗi mai sayen takalma, da jitarsa ta lantarki. Ranar farko da ya taɓa ta, Kawu ya waiga yana neman akuyar da aka taka. Amma da Isufu ya bi masa kiɗan maharban nan tiryan-tiryan, sai ya yarda ya zauna, bisa sharaɗin jita ƙanwa ce, ba ta shiga gaban yaya. Matsalar ta taso ne wajen saiti. Guangzhou gari ne mai laima, fatar garaya kuwa da ta sha laima sai ta saki, murya ta yi ƙasa. Isufu ya daure mako biyu, a na uku ya yi magana, yana kiransa kawu da Faransanci.

"Tonton, garayarka ta sauka fa."

"Ba ita ta sauka ba, ku kuka hau."

Shi ke nan shari'a ta ƙare. Isufu ya sassauta wayoyinsa ya sauko ya same ta.

A Kano idan fata ta saki, rana ake sa ta ko a kanga ta a garwashi. A nan rana sai ta yi mako ba ta leƙo ba, garwashi kuwa wa zai hura a hawa na bakwai? Wata Lahadi Kawu ya shigo sito da tukunyar shinkafa ta lantarki, ya jona, ya zuba shinkafa, ya kifa garayar a kan murfin. Na ce masa tururi ne ke fita fa, ba wuta ba. Ya ce zafi ai zafi ne, in bar koya wa ɗan makaɗi aikin gidansu. Da ya ɗauke ta ya taɓa tsirkiya, wallahi sai ka ce ƙaton kwaɗo a rijiya. Muka dube shi, ya dube mu, ya maimaita maganarsa ta kullum, wai mu muka hau, ba ko kunya. Isufu ya yi ta kwance wayoyi har suka kusa zubewa, ni kuma na nemo kwalin firji saboda ƙaramin ya daina jituwa.

Abin mamaki, kiɗan da ya fito ranar ba mu taɓa jin irinsa ba. Nauyi gare shi, a ƙirji ake jin sa kafin kunne. 'Yan dakon China suka ajiye amalanke suka tsaya a bakin ƙofa. Wasu 'yan Gana suka tambayi sunan kiɗan, Isufu ya ce rok ne. Kawu ya ce mene ne rok, aka ce masa dutse kenan da Turanci. Ya ce to ai babu baƙon abu, shi a gindin Dala ya girma. Kafin magariba ya riga ya gaya wa kowa cewa da gangan ya yi, wai sirri ne na gidansu, kamar kakansa ya taɓa ganin tukunyar lantarki.

Tun daga nan kowace Lahadi sai an dafa shinkafa. Ya gano wai gwangwani biyu na kiɗan farauta ne, uku na kiɗan makoki. Idan ta nuna ya turo mana tukunyar da ƙafa ya ce mu ci, amma mu sani ba don mu aka dafa ba. Mutumin da bai taɓa saya wa kowa shayi ba, garaya ta sa ya ciyar da mu shekara guda.

Na huɗunmu ɗan China ne mai shagon lasifika a ƙasan siton, muna kiransa Lauban, wato maigida. Ya gaji da jin kwali yana wahala, ya hau da gangunan Turawa cikakku ya kafa. Shi ba Hausa, Kawu kuwa Sinancinsa kalma uku ne, amma Kawu ya zaunar da shi yana dukan cinyarsa har sai da bugun maharba ya shiga. Ni aka raba ni da kwali aka ba ni jita mai kauri. Muka tashi daga 'yan sito muka zama ƙungiya, sai dai ba suna. Da lokacin Olamfik ya zo, wani mai gidan abinci ya so mu yi wasa da yamma, ya aiko wata mata da takarda ta rubuto sunanmu. Ta tarar da Kawu shi kaɗai. Ya ɗauka talla ta kawo, ya ce mata "meyo", abin da masu shago ke faɗa idan babu. Bayan kwana uku ga shi manne a bango da manyan baƙaƙe, ƙungiyar Meyo. Muka ce a gyara, ya hana.

"Gaskiya ta rubuta. Manaja meyo, mota meyo, wanda ya iya waƙa in ban da ni, meyo."

To a nan ne laifina ya shigo, kuma yau zan faɗe shi gaban ku da kuka san shi. Da kayan kiɗa suka yi yawa, biyo garaya ya zama aiki. Yau tana nan, gobe shinkafa ta fi ruwa ta koma can. Isufu ya sayo ɗan injin saiti ya ce shi ya gaji da saukowa. Muka haɗa baki mu uku. Da ƙyar dama Kawu ya yarda aka maƙala wa garayar ƙaramin makirfo, kuma ni kaɗai yake bari in taɓa ta. Sai na ja wayar ta bayan diloli, na ɗaure ta a ƙafar tebur. Ba ta zuwa ko'ina. Muna cikin kiɗa sai ya ɗaga mini gira wai in ƙara masa, in murɗa maɓallin da ba a jona da komai ba, ya gyaɗa kai ya ce yawwa. Wata biyar muna haka. Isufu yakan juya baya ya yi dariya, ni ma na yi, amma abin yana mini ciwo, domin ni ne wanda ya san abin da yake tsoro, kuma da hannuna na yi masa shi.

A wannan shekarar sabunta biza ta yi wuya, ta Kawu ba ta samu ba. Ana gobe zai tashi na je taya shi haɗa kaya bayan azahar, sai na tarar Lauban ya kawo masa faifan wasanmu na gidan abinci a matsayin tsaraba. Kawu ya sa faifan, ya zauna a kan akwati, ya saurara tun daga farko har ƙarshe. Ko ɗuriyar garaya babu a ciki. Da ya ƙare ya ce madalla, ta fito ras.

Na kasa daurewa. Na durƙusa na fara, "Kawu, akwai maganar wayar nan..."

"Wadda ka ɗaure a ƙafar tebur? Tun makon farko na gani."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya mayar da faifan baya ya ɗaga yatsa.

"Saurari Isufu. Wannan tsinkar ta jita ce? Ta babana ce. Kai kuma babbar tsirkiya kake bi ba ka sani ba. Ga ɗan China yana kiran ɓauna. Kun kashe ta a lasifika, Nasiru, amma ta riga ta shige hannuwanku. Ni dama wanda zai ɗauka nake nema, sai na samu uku."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, abin da ya kasa yafewa shi ne ƙullin, ɗan 'yar makaɗi guda bai iya ɗaure waya ba, sai da ya bi baya yana gyara mini kada ta kwance in ji kunya.

Bai cika shekara biyu da komawa Kano ba ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanlami, Ya yafe masa kurakuransa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan. Amin.