Basillar Baba

Babana ba ya cin kifi. A Jidda kuwa wannan ba ƙaramar wahala ba ce ga matar talaka. In kwaɗayi ya kama Inna, sai ta kai kaskonta gidan maƙwabta ta soya a can, mu ci mu wanke baki kamar waɗanda suka yi sata. Ni ce mai bakin gidan, nakan tsokane shi in ce ina aka taɓa ganin sojan ruwa mai tsoron kifi. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

A Bur Sudan aka ɗauke shi aikin jirgin soja lokacin yaƙin Hitila, yana saurayi. Ƙaramin jirgi ne mai share nakiyoyi a Bahar Maliya, shi kuma aikinsa zuba kwal a wuta, can ƙasa inda ba a ganin rana. Bai taɓa harba bindiga ba. Amma da yake ya iya riƙe basilla, sai aka ƙara masa wani aikin: duk wanda ya mutu a jirgi, shi ke naɗe shi cikin tamfol, ya ɗinke, ya ɗaura masa ƙarfen murhu a ƙafa don ya nutse. Ya ɗinke Turawa, ya ɗinke Yamalawa da Somalawa. Ya ɗinke wani Bakano da suke ci a kwano ɗaya, ranar kuma don gaggawa ba a ɗaure ƙarfen da kyau ba. Gawar ta ƙi nutsewa, ta yi ta bin bayan jirgin yana kallo. Sau ɗaya ya ba ni wannan labarin, bai ƙara ba.

Da yaƙi ya ƙare ya sauka Jidda da niyyar Hajji, ya ƙi sake hawa ruwa. Muna zaune a unguwar Kurayyat, tashar jiragen ruwa tana nan kusa, ana neman irinsa ruwa a jallo, amma ya zaɓi ɗinkin buhuna a kasuwa da waccan basillar. Inna ta yi mita har ta gaji. Ni ma haushinsa nake ji, don 'yan'uwansa masu aikin tasha sun fi mu sutura.

Buri ɗaya gare shi a duniya, a binne shi cikin ƙasa. Ba jana'izar da ke wuce shi, ko ya san mamaci ko bai sani ba. Yakan dawo da ƙura a hannu, fuskarsa a sake, kamar wanda ya je biki. Na taɓa ce masa ai a garin nan kabari aro ne, bayan wasu shekaru a ture ƙasusuwanka gefe a sa wani.

"Ko aron ne ya ishe ni, ya binti," in ji shi. "In dai ƙasa ce a kaina, halas, shi ke nan."

Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu tare da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Ya yi ta zarya neman wani, amma wa zai ɗauki tsoho mai tari? Hayaƙin kwal ya riga ya ci ƙirjinsa. Muka roƙe shi ya zauna a gida, ya ce buhu ba ya ɗinka kansa. Wata safiya aka yi kame a kasuwa, aka haɗa da shi, basillarsa a soke jikin hula. Mun bi ofisoshi, mun yi kuka a ƙofofin da ba a buɗe mana ba. Kafin mu samu mai sa baki, an loda su a jirgin da zai tsallaka da su Sudan. Inna ta ce tafiyar ba nisa, Allah zai kai shi. Ni kuwa na san yadda tarin ya koma.

Sai da Hajji ta zagayo wani mutum ya yi sallama a ƙofarmu, ya ce tare da Baba aka kore su. Ya zauna a bakin tabarma yana ta kewaye-kewaye, har na gane abin da ya kawo shi, na ƙosa na tambaye shi inda kabarin Baba yake.

Ya ce Baba ya cika ana hango duwatsun Sudan. Masu jirgin suka ƙi shiga tasha da gawa, wai kada a tsare su a karantina don gudun annoba, suka ce sai dai a jefa ta a teku. Mutane sun roƙa, ba a saurare su ba. Ya ce Baba ya san haka za a yi, don tun yana da sauran numfashi ya kira shi, ya zare basillar daga hula, ya nuna masa yadda ake kama bakin tamfol da inda ake ƙulla ƙarfe.

Inna ta kifa kai a gwiwa. Ni kuwa fushi ne ya kama ni, na rasa wanda zan zaga. Mutumin da ya zuba wa rabin garin nan ƙasa, shi aka hana ko tafi ɗaya.

Na tambayi baƙon ko Baba ya bar mana wata magana. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Bai ambaci kowa ba, 'yata. Abu ɗaya ya yi ta maimaita mini. Ya ce, don Allah ka ɗaure ƙarfen da kyau."

Ban tambaye shi ko ya nutse ba. Har ya tafi ban iya ba.