Gayyar da Bilyamin Ya Goge

Bilyamin mai gyaran waya ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da Dinder. Rumfarsa ba ta fi akurki ba, amma duk wanda wayarsa ta yi gardama can yake nufa. Mutum ne mai sanyin baki, ni kuwa masu sanyin baki tsoro suke ba ni.

Ƙauyen na da guruf-guruf a waya, sai dai gaisuwar safiya da hotunan furanni sun cika su, har kowa ya daina leƙawa. Ɗaya kaɗai ake buɗewa, na sanarwar manhajoji, waɗanda a nan ake ce wa tatbiƙ: wacce ta fito sabuwa, wacce ta daina aiki, wacce za ta hau tsohuwar waya. Jibril, babban manomin riɗi, shi ya kafa shi, da dokar cewa in ba manhaja ba, kada a sa komai.

Ranar da mahaifiyar Bilyamin ta rasu, ya sa sanarwa a ciki, don danginta na warwatse a gonakin Makwar da Abu Hujar, kuma nan kawai za su gani. Jibril ya goge ta nan take, ya rubuta da ban-haƙuri irin na Larabci: "Ma'alesh ya akhi, wanga gurub na tatbiƙ ne." Aka sallaci tsohuwa da sahu ɗaya. Ƙanenta ma sai bayan an tashi makoki ya ji.

Bilyamin ya koma bakin aikinsa. Sai ma ya duƙufa wa guruf ɗin. Shi ke gwada kowace manhaja kafin ya sanar, sunanta a sama, irin wayar da za ta ɗauke ta a ƙasa, ya maƙala sabuwa ya sauke tsohuwa. Jibril, gwanin son a yi aiki ya kwashi yabo, ya naɗa shi adimin mai ikon goge saƙo, har yana faɗa a wurin shayi wai mutumin nan ba shi da riƙo. Ni kaina haushin Bilyamin na ji, na ɗauka zuciyarsa ce ta mutu.

Kaka ta zo. Riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye sai kwanson ya tsage ya zube. 'Yan ƙodagon Jibril suka tsere masa. Gonar na da nisa, sai an hau tudu waya ke kamawa. Ya hau, ya tura kiran gayya a guruf ɗin, kowa ya zo gobe da laujensa, ya sauko ya sa aka yanka rago.

Bilyamin ne ya fara gani. Ya goge, ya sa sanarwar wata manhajar hasashen ruwan sama, tsaf-tsaf kamar kullum.

Ko mutum ɗaya bai je ba. Ina rumfar Bilyamin sai ga Jibril ya iso, ido jajir, ya ce riɗinsa na ƙasa tsuntsaye na biki. Wallahi daɗi na ji. Bilyamin bai ko ɗago daga wayar da yake kwancewa ba.

"Ma'alesh ya Hajj," in ji shi. "Wanga gurub na tatbiƙ ne. Ran da Inna ta rasu ka koya mini."