Lorin da Ba Ta Shiga Lungu

Mutumin da na ba wa masauki a gidana shi ya raba ni da dakon fata. Ba sata ya yi ba. Da rana tsaka ya yi, har da takarda mai hatimi.

Shekara goma sha ɗaya ina kwasar ƙiraga daga gidajen dillalai a lungunan Fagge zuwa siton kamfani, bakin tashar jirgin ƙasa. Jakuna tara gare ni. Ko na tsaya gaisuwa su ba sa tsayawa, sun san ƙofar sito sarai.

Shi kuwa direba ne marar mota, ya zo Kano da akwati ɗaya. Wata biyu yana bi na, wai yana son ganin gari. Na nuna masa ƙofar kowane dillali, da wanda ake kai wa goro, da wanda ba a yi wa sallama sai ya karya. Ashe karatu yake ɗauka, ni ne allon. Aji biyu na yi a elementare, ba mu kai wannan darasin ba.

Da ya samu lori a hannun wani attajiri a Sabon Gari, sai ya gaya wa akawun kamfani wai jaki kayan da ne, yana sa jirgi jira. Jirgin da ya bar gyaɗa jibge kamar duwatsu, shi ne jakina ya tsayar!

Aka ba shi aikin, ya tashi daga gidana. Na sayar da jakuna takwas, na bar tsohuwa ɗaya don ɗebo ruwa.

Abin da akawu bai tambaya ba: lori ba ta shiga lungu. Dillalai kuma suka ce fata a ƙofar gida ake ɗauka, ba mai kai ta bakin titi. Ranar da aka ba kamfani taragon jirgi don lodin fata, lori na tsaye wayam, sai ga shi a zaurena, ya cire takalmi, har da durƙusawa.

"Maigida, taimako na kawo maka. Ka riƙa fito mini da kaya bakin titi, kai ma ka samu na cefane."

Na ce, "Madalla, Malam direba. Jakata kayan da ce, kai ka faɗa, kada ta sa jirgi jira. Amma lungunan duk ka san su, ni na nuna maka. Ga akumari takwas can a rataye. Zaɓi wanda ya yi daidai da bayanka."