Baba Tukuna da Faifan Makarantar Makafi

Ƙarfe bakwai da rabi Baba Tukuna yake buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta. Kafin ya taɓa kayan kowa sai ya goge teburi, ya shimfiɗa baƙar roba, ya jera sukundirebobi daga ƙarami zuwa babba, ya ajiye murfin kwalba na zuba ƙananan kusoshi. Fanka kuwa ba ya kunna ta in yana aiki, ko da zufa za ta jiƙa masa riga sharkaf, wai ƙararta tana toshe masa kunne. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan hali, kuma ƙarshen watan nan zai rufe shagon.

Sunan ma a bakin teburin nan ya samo shi. Duk wanda ya miƙa hannu zai danna wani abu, abin da zai ji shi ne, "Tukuna." Matarsa ta rantse ko ranar da ta haifi 'yarsu ta fari, da aka aika ya zo ya ga jaririya, tukuna ya ce, sai da ya ƙarasa ɗaure kusar da ke hannunsa. Shi dai dariya yake yi, bai taɓa musantawa ba.

Telan da ke maƙwabtaka da shi yana da labaransa buhu-buhu, amma wanda ba ya gajiya da bayarwa shi ne na shekara bakwai da suka wuce. Wata safiya shugabar makarantar makafi ta shigo shagon, sanda a hannun dama, hagu kuma tana dafe da kafaɗar mataimakinta. Ita ma ba ta gani. Ta kwance gyale ta fito da faifan ajiya, irin ɗan akwatin nan mai faɗin tafin hannu da ake jona wa kwamfuta da waya.

A cikinsa akwai karatun shekara tara. Malamai, iyaye da masu sa kai sun yi ta zama suna karanta littattafan makaranta da baki ana naɗa, babi bayan babi, domin yara su saurara. Wasu daga cikin masu karatun har sun rasu. Ga ɗalibai goma sha ɗaya da jarrabawar fita saura mako uku, ga faifai ya ƙi fitowa a kowace kwamfuta, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Shago uku suka je, duk aka ce ya mutu, a yi haƙuri.

Mataimakin, mutum mai kirki amma mai rawar kai, ya ce, "Baba, ba abin da ban yi ba. Na cire na mayar ya fi sau hamsin. Na ɗan bubbuga shi ma. Wani ya ce a saka shi a firiza."

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai in ka suma, duka ake yi maka ko a firiza ake saka ka?"

Daga nan ya juya wajen shugabar, ya yi tambayar da babu wanda ya yi mata a shago ukun nan. "Malama, ke da kike tare da shi kullum, yaya kukansa yake da, yaya yake yanzu?"

Ta ce, "Da in an jona shi yakan ɗauki gurnani siriri ya riƙe. Yanzu sai ya taso, ya taso, sai ya saki, kamar mai hawan bene da kaya."

"Yana ƙas-ƙas?"

"Ko sau ɗaya ban ji ba."

"Alhamdu lillahi! Ai kin gama mini rabin aiki. Wannan bai mutu ba, wuta ce ba ta isarsa."

Ya canza waya, ya sa gajeriya mai kauri. Shiru. Ya zagaya ya jona a bayan babbar kwamfutarsa, inda wuta ta fi ƙarfi, ya kara kunne. Gurnanin ya taso, ya saki, yadda ta faɗa. Sai ya ɓamɓare kwanson roba a hankali, ya nuna wa mataimakin wani ɗan allo kamar farcen babban yatsa wanda gefensa ya yi baƙi. Shi ne mai karɓar wuta ya miƙa wa faifan, kuma shi ne ya ƙone. Ya cire shi, ya haɗa faifan tsirara kai tsaye da cikin kwamfutarsa. Tun kafin ya yi magana shugabar ta miƙe tsaye. "Shi ne! Wallahi muryarsa ce!"

A nan ne saura ƙiris a yi ɓarna. Rubutu ya fito a allon kwamfuta cewa sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, a yi ko a bari? Mataimakin, don murna, ya kai hannu zai danna "a yi". Tela ya ce shi dai bai taɓa ganin tsoho ya yi irin wannan zafin nama ba. Caraf Baba ya cafke wuyan hannun mataimakin.

"Ka san me wannan tambaya take nufi? Cewa take a share komai. Cire-mayar ɗin da ka yi ta yi ne ya hargitsa masa jerin abin da ke ciki. Karatun yana nan, hanyar zuwa gare shi ce ta ɓace."

Kwana biyu ya yi yana kwafe faifan kaf zuwa wani sabo, sannan ya yi aikin nemo hanyar a kan kwafin, na asalin kuwa ya naɗe shi ya ajiye. Babi biyu na tarihi sun tafi, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa mata ƙiri-ƙiri. Sauran duk sun dawo. Bai bar su sun fita ba sai da mataimakin ya yi alkawari a gaban tela cewa za a riƙa ajiye kwafi biyu a ɗaki daban-daban. Yaran nan goma sha ɗaya sun zauna jarrabawarsu da shirinsu.

Baba, kai ne mai kunnen da ya girmama kunnen wani. Kai ne ka tambayi makauniya abin da ta ji, alhali masu ido a shago uku sun yanke hukunci ba su tambaye ta komai ba. Ranar rabon kyaututtuka a makarantar an kira sunaye da yawa, ba a kira naka ba, kuma ba ka taɓa ɗaga maganar ba. To mu mun ɗaga, kuma muna alfahari da kai ba kaɗan ba.

Abin da ya sa zai rufe shago, ido ne. Hazo ya fara rufe masa gani, ƙananan kusoshin nan sun daina ganuwa, likita kuma bai ba shi wani dogon fata ba. Makon jiya yana zaune ya yi tagumi, sai ga wata budurwa da farar sanda a bakin ƙofa. Ɗaya ce daga cikin goma sha ɗayan nan, yanzu malama ce a makarantar.

Ta ce, "Baba, mun ji labari. Ka daina wannan tagumin. Inda za ka shiga, mu a nan muke zaune tun tuni, mun san kowane lungu. Ka zo mu koya maka karatu da yatsa, da kwamfuta mai magana."

Tela ya ce ya ga tsohon ya goge fuska da hannun riga, sannan ya gyara murya. "'Yata, wace rana ake farawa?"

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu shaguna da ke saurin cewa abu ya mutu, ku tambayi mai kaya, ku kara kunne, ku riƙe hannunku kafin ku danna. In kuna son ganin yadda gwani yake, ku leƙa makarantar nan ranar Litinin da ƙarfe takwas. Za ku same shi a bencin gaba, ɗan shekara sittin da huɗu, yana laluben harafin farko.