Takardar Sallamar Malam Aliyu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ba ni takardar sallama in kai wa mutumin da ya koya mini aiki ba. Ranar wata Litinin ce a tsakiyar damina, ina cikin shekarata ta uku a matsayin shugaban sashen rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke kan Sama Road, nan Sakkwato. Ku da kuka shigo aikin nan kuka tarar na'ura tana rubuta muku rabinsa, ina so ku ji yadda abin ya same mu, mu da ya tarar a ciki.

Aikinmu shi ne gina wa ƙananan asibitoci masu zaman kansu manhajar ajiye katin marasa lafiya. Ga wanda bai san tsarin ba, ma'aikaci ne zai rubuta manhajar, sannan ta zo gaban shugaban sashe, wato ni, in duba in sa hannu. Sai da sa hannuna ake ɗora wa asibiti ita. Mu biyar ne a sashen, kuma babbanmu a shekaru shi ne Malam Aliyu, mutumin Unguwar Rogo, wanda ya haura hamsin. Bai yi jami'a ba. A shagon buga takardu ya fara taɓa kwamfuta, ya koya wa kansa sauran. Shi ya zaunar da ni lokacin da na zo ban san komai ba sai abin da ke cikin littafi. Da aka ɗaga ni sama da shi saboda ina da digiri, shi ne ya fara shigowa ya yi mini murna.

A farkon wannan shekarar mai kamfanin, Alhaji Murtala, ya dawo daga tafiya ya ce daga yanzu kowa zai riƙa aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda muke kira AI. Kana gaya mata abin da kake so, ta rubuta maka manhajar kana kallo. Matasanmu suka rungume ta nan take. Malam Aliyu bai ƙi ta ba, amma yakan daɗe yana karanta abin da ta rubuta layi-layi, har ya zama ya fi kowa jinkiri.

Sai wani asibitin haihuwa a Wamakko ya kawo mana aiki. Katunansu sun yi yawa, mace ɗaya sai a same ta da kati uku, suna so a haɗe su wuri ɗaya. Malam Aliyu ya ce zai ɗauki mako uku. Zainab, wadda shekararta biyu kacal da mu, ta gama shi cikin kwana biyu da taimakon AI. Na gwada shi a kan katuna kaɗan, na ga yana tafiya lafiya lau. Ban karanta cikinsa ba. Na sa hannu, aka ɗora wa asibitin.

Bayan kwana huɗu Alhaji Murtala ya kira ni ofishinsa.

"Nasiru, ka ga abin da na gani. Mutum biyar sun yi wa sashen nan yawa."

"Alhaji, Malam Aliyu ya san asibitocin nan fiye da kowa."

"Na sani. Amma su asibitocin yanzu sun san ana iya yi a kwana biyu. In na ce musu mako uku, wani za su nema."

Gaskiyar magana, ban yi gardamar da ya kamata in yi ba, domin ni ma a raina na yarda da lissafinsa. Ya miƙo mini ambulan, ya ce ni ne shugabansa, ni ya kamata in ba shi.

Sai da muka dawo daga sallar Azahar na iya kiransa ɗakin taro. Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta, ya sa a aljihun gaba.

"Kada ka damu kanka, Nasiru," in ji shi. "Tun ranar da munka ga aikin Zainab na san za a zo nan. Wata ɗaya anka ba ni?"

"Wata ɗaya, Malam."

"To, ya isa in miƙa muku komai. Allah ya sa hakan ya fi alheri."

Ya tashi ya koma teburinsa ya ci gaba da abin da yake yi. Ni ne na kasa fitowa daga ɗakin.

A ƙa'idarmu, wanda zai bar aiki yakan yi watan ƙarshe yana rubuta bayanin duk abin da ke hannunsa. Kwana biyu da fara wannan, ya nemi izini in bar shi ya duba manhajar Wamakko. Ba aikinsa ba ce, kuma ita ce ta jawo masa sallama. Ya ce yana so ne kawai ya ga yadda na'urar take tunani. Na ce ya duba.

Da safiyar Alhamis ya tsaya a ƙofata.

"Zo ka ga wani abu, kuma ka kira Zainab."

Ya fara da yabon aikin, ya ce shi kansa ba zai rubuta shi da tsabta haka ba. Sannan ya nuna mana ƙa'idar da manhajar ke bi: in suna ya zo ɗaya, sunan miji ɗaya, gari ɗaya, shekaru suka yi kusa, sai ta ɗauka mace ɗaya ce, ta haɗe katunan, ta bar bayanin da ya fi sabunta.

"A ƙauye ɗaya na Wamakko," in ji shi, "A'isha nawa ce ke auren Bello? Kuma shekarun nan, ba matar ke faɗa ba. Mai yankan kati ne ke duban fuskarta ya rubuta abin da ya ga dama."

Ya buɗe mana kati ɗaya, ya ajiye shi kusa da tsohon kwafin bayanan asibitin, wanda ya ɗauka ya adana tun ranar da aka kawo aikin, bisa al'adarsa, ba wanda ya sa shi. A tsohon kwafin mata biyu ne. Ɗaya tana da hawan jini, kuma an taɓa yi mata tiyata a haihuwar baya. Ɗayar lafiyarta ƙalau. A sabon katin sun zama mace ɗaya, kuma gargaɗin hawan jinin da na tiyatar duk sun ɓace.

Kwana bakwai ke nan asibitin na aiki da wannan manhajar.

Mu uku muka kama hanyar Wamakko a motata ana yayyafi. Shugabar ungozomomin, Hajiya Rabi, ta saurare mu a tsaye, hannunta a ƙugu. Da na gama ta ce:

"Matar nan mai hawan jini ta zo awon ciki shekaranjiya. Ni na karɓi haihuwarta ta baya, shi ya sa da na ga katin na san ba nata ba ne. Har na yi wa mai yankan kati faɗa, ashe ba laifinsa ba ne. Malam Nasiru, da ba na nan ranar fa?"

Muka tsayar da manhajar, muka mayar da tsohon kwafin, muka zauna da ita da mai yankan katin har La'asar muna bin duk katin da aka haɗe ɗaya bayan ɗaya. Allah ya tsare, ba wadda ta cutu.

A hanyar dawowa Zainab ta fashe da kuka, tana cewa ita ta jawo. Malam Aliyu ya juyo daga kujerar gaba.

"Mi kika yi? Kin ce wa na'ura ta haɗe, ta haɗe. Ita ba ta taɓa zama a bencin asibiti ba, ke ma ba wanda ya taɓa kai ki. Share hawayenki."

Bai dube ni ba da yake faɗin haka, amma na san inda maganar ta sauka.

Washegari na shiga wurin Alhaji Murtala na gaya masa komai, har da cewa na sa hannu ban karanta ba. Daga baya ya sa aka kira Malam Aliyu, ya ce zai janye takardar, ya buɗe masa sabon matsayi: ba zai ƙara rubuta manhaja ba, aikinsa kawai duba abin da na'ura ta rubuta. Malam Aliyu ya nemi a ba shi zuwa Litinin.

Ranar Litinin ya ce ya gode, amma ba zai karɓa ba.

"Alhaji, ba fushi ba ne. Aikin ga na da kyau, kuma dole a sami mai yin shi. Amma ni abin da ya riƙe ni shekaru ashirin shi ne in zauna in gina abu da kaina in ga ya tashi. In aka cire wannan, zan zauna muku ne kawai, kuma wata rana idona zai gaji ya wuce abin da bai kamata ya wuce ba. Ku bar ni in koya wa yaran nan kafin in tafi."

Sauran kwanakinsa bai yi su a ofis ba. Kullum sai ya ɗauki mutum ɗaya daga sashen ya kai shi asibiti, ya zaunar da shi kusa da mai yankan kati, ya ce ya saurari yadda mata ke faɗin sunayensu da na ƙauyukansu. Ni ma sai da ya kai ni. Ranar da ya cika wata ya yi sallama da kowa, har da mai gadi, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Yanzu yana koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Zainab ce ta karɓi matsayin da ya ƙi, kuma ban san wanda ya fi ta tsanani a kansa ba.

Ba zan ce muku AI ba ta da amfani ba, zai zama ƙarya. Yau mun fi da ƙarancin mutane, mun kuma fi da yawan aiki, kuma saurin da ake nema a wurinku ba a taɓa neman irinsa a wurinmu ba. Abin da na koya shi ne saurin ya zama na kowa, ba shi zai bambanta ku da wani ba. Abin da ya rage naku shi ne sanin mutanen da ke bayan kowane layi na bayanai, da yarda cewa in abu ya ɓaci ku za a tambaya. Na kuma koyi cewa akwai ma'aikacin da za ka sallama yau, jibi ya zauna ya gyara maka kuskurenka don kada wata mata da bai taɓa gani ba ta cutu. Irin wannan mutum mun same shi sau ɗaya, kuma ba mu iya riƙe shi ba.